Ku Tambayi Mama: Telar da Barci Ya Ƙaurace Wa, da Sauran Wasiƙunku

Salama a gare ku, masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun yi yawa, har sai da na sa jikata ta zauna ta karanta mini waɗanda suka shigo ta waya, don ni da ƙananan rubutun nan yanzu ba ma ga-maciji. Na zaɓi biyar. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye, na kuma rage tsawon wasu.

TAMBAYA: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ni tela ce a Sabon Garin Kano, 'ya'yana huɗu. Tun da aikin maigidana ya tsaya bara, komai ya dawo kan keken ɗinkina: haya, kuɗin makaranta, cefane, ga zubin adashe duk Juma'a. Wata uku ke nan, da ƙarfe uku na dare ta yi sai in farka, idona biyu har gari ya waye, ina ta lissafi. In na durƙusa zan yi addu'a sai bakina ya yi nauyi, ba abin da ke fita sai hawaye. Na faɗa wa wata babba a zumuntarmu, ta ce mai bangaskiya ba ya rasa barci, in bincika kaina ko akwai zunubin da na ɓoye. Tun ranar ban sake zuwa zumunta ba. Mama, Allah ya yashe ni ne?

AMSA: Sannu, 'yata. Sannu ƙwarai. Allah bai yashe ki ba, kuma ba don in lallashe ki na faɗi haka ba.

Ƙarfe ukun nan na san ta kamar yunwar cikina. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin jinya, rabinsu a aikin dare. Da rana majinyaci zai yi hira da ke, ya yi dariya, ya tambayi labarin gari. Ƙarfe uku na dare kuwa, wannan mutumin ne zai kira ki a hankali, ya riƙe miki hannu, ya ce, "Sista, ki gaya mini gaskiya, zan tashi kuwa?" Ciwon bai ƙaru ba. Dare ne ya yi tsaka, jiki ya gaji, ba motsin kowa. Bashin da yake tsibi da rana, a wannan sa'a tsauni ne. Saboda haka abu na farko, kada ki yarda da duk hukuncin da zuciyarki ta yanke miki a kan kanki, ko a kan Allah, kafin gari ya waye.

Ita kuma babbar taku, ban ce mugunta ta yi niyya ba, amma ta yi ɓarna. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai suna zaune tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma a nan ne kawai suka yi daidai. Da suka buɗe baki suka fara neman zunubin da ya ɓoye, ki duba sura ta 42 ki ga yadda Ubangiji ya husata da su. Muna da irinsu a kowace majami'a. Ni ma, Allah ya gafarta mini, na taɓa zama ɗaya daga cikinsu tun ina da ƙuruciya, lokacin da duniya ba ta riga ta murɗe mini kunne ba.

Kin ce ba abin da ke fita sai hawaye. To, kin tuna Hannatu a Shilo? Leɓunanta na motsi, ba a jin murya, har Eli, firist guda, ya ɗauka ta sha ta bugu. Kin ga ba a kanki aka fara ba: babba a ɗakin Ubangiji ya dubi mace mai ɓacin rai ya yi mata mummunar fahimta. Abin da nake so ki lura da shi yana aya ta 18 ta surar farko ta 1 Sama'ila. Hannatu ta tashi, ta tafi, ta ci abinci, fuskarta ta saki. A lokacin ko cikin Sama'ila ba ta ɗauka ba. Kishiyarta Feninna na nan da bakinta. Ba abin da ya sauya a gidan, sai dai kayan da ta shiga da shi ta sauke shi a can.

Bari in ba ki nawa labarin. Shekarar da maigidana, Allah ya ba shi hutawa, ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ni ce nake jagorar addu'a a zumuntar matan majami'armu. Ranar Talata in tsaya gaban mata in yi addu'a mai tsawo, ana amin, ana buga tulu. In na koma gida kuwa ko "Ubanmu wanda ke cikin sama" ba na iya kaiwa ƙarshe. Surukata, tsohuwa ce da ba ta taɓa riƙe alli ba, ta taso daga ƙauye ta zo taya ni jinya. Wani dare ta same ni a tsakar gida ina zaune a kan turmi da aka kifa, ba na kuka, ba na komai. Ba ta ce mini tashi ba. Ta shiga ta ɗauko ƙwaryar gyaɗa ta ajiye a tsakaninmu, muka shiga ɓara. Can sai na ji tana cewa a hankali, duk in ta fasa kwanso ɗaya, "Ubangiji, ka gani." Ta sake fasawa, "Ubangiji, ka gani." Kalma uku. Ban san lokacin da na kama ba. Muka gama ƙwaryar, na shiga na kwanta, na yi barcin da na yi mako biyu ban yi irinsa ba. Wata biyar wannan ce addu'ata. Daga baya da nake karanta Romawa 8:26, inda Bulus ya ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba sa faɗuwa, sai na ce ashe tsohuwar nan ta riga ni zuwa wurin.

Yanzu batun lissafi. Abin da kike yi da dare shi ne kina ƙoƙarin biyan hayar shekara, da kuɗin zango uku, da adashen da sai watanni ya ƙare, duka a dare ɗaya, da kan mutum ɗaya. Ba mai iya wannan. Manna da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji awon yini ɗaya ce, in ban da jajibirin Asabar da ake tara na kwana biyu. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe, da safe suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Mu da muka tashi da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda su Likita Mila suka yi, mun haddace addu'ar Ubangiji da cewa, "Ka ba mu rananga abincin yini." Rananga, wato ranar nan ta yau. Yara yanzu dariya suke yi wa kalmar, ni kuwa ina sonta, don ba ta bar wa gobe ƙofa ba. Ƙarfin da aka auna miki na yau ne. In kika ɗora masa kayan watan jibi, dole gwiwa ta sage.

Ga abin da nake so ki gwada. Ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, mai arha. Da magariba, kafin a ci tuwo, ba da tsakar dare ba, ki rubuta duk abin da ake binku da ranar biyansa. Ki ja layi a ƙarƙashin abin da ya shafi gobe kaɗai. Sai ki kira maigidanki ya zauna ya gani da idonsa. Ban ji kin ambace shi a cikin lissafin nan ba, kuma na san halinmu mata: muna ɓoye wa miji nauyi don kada ya ji kunyar zaman gida, shi kuma yana can gefen katifa idonsa biyu yana ɓoye mana nasa. Ku ɗora hannu a kan littafin ku biyu, ko da "Ubangiji, ka gani" kawai za ku ce, ku rufe shi, ki sa shi a aljihun keken ɗinki. In kin farka ƙarfe uku lissafi ya taso, ki ce masa an riga an rubuta, an kuma miƙa.

Ki kuma je ki sami uwar adashenku ki gaya mata gaskiya tun kafin ki fara fashin zubi. In hannu biyu kike zubawa, ki nemi komawa hannu ɗaya in wannan zagayen ya ƙare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai maganar ma'aikaciyar jinya: wata uku ba barci ba abin wasa ba ne. Ki je a auna jininki. In abinci ya fita ranki, ko kina ramewa, ko abin da kike jin daɗinsa da duk ya zama miki salam, ki faɗa wa likita haka ɓaro-ɓaro, don akwai ciwon damuwa, ciwo ne kamar kowane ciwo, ana kuma maganinsa. In har tunanin gara ki mutu ki huta ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki gaya wa wani a ranar. Annabi Iliya ma ya roƙi mutuwa a gindin wani itace a jeji, kuma abin da mala'ika ya fara kawo masa ba wa'azi ba ne. Gurasa ce da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. Goro da shayi mai kauri bayan la'asar kuma, in kina sha don ɗinkin dare, ki rage.

Zumunta kuwa ki koma. Ba sai kin yi waƙa ba. Ki zauna a bencin baya kusa da wata tsohuwa wadda ba ta da surutu.

TAMBAYA: Mama, mahaifiyata tana shan maganin hawan jini shekara shida. Wani mai wa'azi ya zo taron farkawa a garinmu, ya yi mata addu'a, ya ce ta warke, ci gaba da shan ƙwaya rashin bangaskiya ne. Yau kwana goma ba ta sha ba, kuma ta ce garau take ji. Mu bar ta? Daga ɗanki a Gombe.

AMSA: Ɗana, ajiye mujallar nan ka je ka ba ta maganinta, ka kai ta a auna ta yau, sa'an nan ka dawo ka karanta sauran.

Ka dawo? To. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya jin garau alhali awonsa ya haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta lalace. Na wanke irin waɗannan iyaye mata da hannuna, na juya su a kan gado don kada bayansu ya yi gyambo, kuma ban taɓa ganin mai wa'azin da ya hana su magani ya zo ya ɗauki fo ko sau ɗaya ba. Ya riga ya wuce gari na gaba.

Na gaskata Allah yana warkarwa, na kuma ga abin da likitoci suka rasa bayaninsa. Amma warkarwar Allah ba ta tsoron na'urar awo. Kutaren nan goma, Yesu cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci, wato masu dubawa su tabbatar. Sarki Hezekiya, bayan Allah ya yi alkawarin ƙara masa shekara 15, Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, bai ce masa ya bar sana'ar ba. In ta warke, awo zai nuna, likita ne zai rage mata maganin da kansa, mu kuma mu zo mu taya ku rawa. Kada ka yi mata faɗa, uwa ce. Ka ce mata ta riƙa yi wa ƙwayar addu'a kamar yadda take yi wa tuwo kafin ta ci.

TAMBAYA: Mama, ni manomi ne, dattijon ikkilisiya a wani ƙauye a kudancin Katsina. 'Yan bindiga sun ɗauke mutum biyu a gonakin da ke bayan rafi. Ni kuma babbar gonata can take. Wasu 'yan'uwa sun ce in je in yi shukata, Allah ne mai tsaro, wanda ya ƙi zuwa bai dogara gare shi ba. Matata ta ce in na je ba da yawunta ba. Ina koya wa mutane bangaskiya ranar Lahadi, ga shi ni kaina tsoro nake ji. Wanne ne daidai?

AMSA: Baba, ina gaisuwa, ina kuma yi muku jaje. Na daɗe ina juya wasiƙarka, don ni a gari nake zaune, ƙofata da sakata, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba zan ce maka je ko kada ka je ba. Amma zan cire maka ƙaya ɗaya: wannan magana ta cewa mai taka-tsantsan ba shi da bangaskiya.

Ka dubi mutum biyu da suka yi tafiya daga ƙasar bauta zuwa Urushalima a zamanin sarki guda, Artashate. Ezra, a sura ta 8 ta littafinsa, ya ce kunya ta hana shi roƙon sarki sojoji da mahayan dawakai, don ya riga ya gaya wa sarki cewa hannun Allah yana tare da masu nemansa. Sai suka yi azumi a bakin kogin Ahawa, suka kama hanya ba rakiya, Allah kuwa ya kai su lafiya. Bayan shekara 13 Nehemiya ya tashi, shi kuwa da shugabannin soja da mahayan dawakai ya tafi, da wasiƙun sarki a hannunsa. Littafi bai yabi ɗaya ya kushe ɗaya ba. Kuma da abokan gaba suka yi shirin far musu suna ginin garu, Nehemiya ya ce sun yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa matsara dare da rana. Duka biyun a aya ɗaya. Bulus da kansa a cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu da dare, bai tsaya ya ce shi manzo ne ba.

Abin da na lura, su masu cewa ka je, ba su ce za su raka ka ba. In da gaske suke, ga gayya nan, ba yau aka fara ta ba. A fita da yawa, da hantsi, a dawo kafin rana ta karkata, a bar wasu suna duban hanya, a kuma saurari abin da mai gari da maƙwabtanku Musulmi suka ji, don wannan masifa ba ta tambayar mutum inda yake sujada. In an duba an ga bana ba ta shiguwa, to ikkilisiya ta zauna ta ga wanda ke da gona kusa da gari da zai yanka wa ɗan'uwa ko kadada guda aro. Wannan shi ne aikin dattawa, kuma kai dattijo ne, kana da bakin kawo maganar.

Matarka kuma kada a mai da ita mai raunin bangaskiya. Ita ce za ta sayar da awaki da hatsin rumbu ta nemi kuɗin fansa in abin ya faru, tana da haƙƙin magana.

Game da tsoron da kake ji alhali kana koyarwa: Dawuda bai ce ba ya tsoro ba. A Zabura 56 cewa ya yi, a ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah. Da za ka tsaya ranar Lahadi ka ce, "Jama'a, ni ma gabana na faɗuwa," ina jin rabin majami'ar za su sauke ajiyar zuciya. Muna ambaton ƙauyukanku a addu'ar safiyar Laraba. Ka sake rubuto mini bayan shuka.

TAMBAYA: Mama, ni ɗalibi ne a Zariya. Da na rufe ido zan yi addu'a sai hankalina ya tafi ƙwallo, ko jarrabawa, ko wata yarinya. Minti biyu ba na kaiwa. Abokina yana yin awa guda.

AMSA: Wa ya riƙe wa abokin naka agogo? In shi ya gaya maka, to ka karanta masa Matiyu sura 6.

Ɗana, wa ya ce dole sai ka rufe ido? Buɗe shi, ka buɗe Zabura, ka karanta ɗaya da murya, a hankali, kamar kai ka rubuta. Guda 150 ne, in kana ɗaukar ɗaya kowace safiya sun kai ka wata biyar. Wayarka kuma ka bar ta a caji can nesa da katifa, ka nemi Littafi na takarda, don na ga yadda jikokina ke buɗe aya a waya su ƙare a WhatsApp. In hankalinka ya tafi jarrabawa, ai ya nuna maka abin da ke damunka ke nan, sai ka sa ta a addu'ar. Haka ma yarinyar. Ƙwallon ne dai ban san yadda za mu yi da shi ba.

TAMBAYA: Mama, ɗana ya yi rashin lafiya, maƙwabciyata Musulma ta kawo mana kunu kwana huɗu a jere, ta ce tana sa shi a addu'a. Na rasa me zan ce mata. Daidai ne in amsa da amin? Daga 'yarki a Maraɗi.

AMSA: 'Yata, mace ta dama kunu ta ratso zaure kwana huɗu, tana roƙa wa ɗanki lafiya, me za ki ce in ba "Amin, na gode, Allah ya saka da alheri" ba? Amsa wa fatan alheri bai sauya abin da kika gaskata game da Almasihu ba, ita ma ta san inda kike zuwa ranar Lahadi. Ni maƙwabciyata Hajiya ce ta fara shigowa ranar da na yi rashi, ita ta share tsakar gida kafin 'yan majami'a su iso.

Ke ma ki riƙa ambatonta da 'ya'yanta a taki addu'ar, ki kuma gaya mata kina yi. Kwanon kunun nan kuma kada ki kuskura ki mayar mata da shi wayam. Ko ƙosai ne ki zuba.